Hanyar Rugar Baffa Juli

Bana ma ruwa ya yi halinsa. Ya sauka sau biyu da ƙarfi, mutane suka ruga suka zuba iri, sai ya ɗauke. Yau kwana goma sha shida ke nan ko yayyafi babu. 'Yar masarar da na shuka a bayan gidan da nake haya a nan Dutsin-Ma ta nannaɗe ganye, tun da hantsi ƙasa ke gasa tafin ƙafa. Duk sanda damina ta yi irin wannan tsayawar, hankalina ba ya kan shuka. Wata damina nake tunawa, ta ƙarshe da na yi a ƙauyenmu, can ƙasar Kurfi, in ka wuce Barkiya ka saki hanyar mota.

Na fi shekara ashirin ina koyarwa a firamaren garin. Aji biyar nake riƙewa, kuma ba darasin da nake so kamar labarin ƙasa. Littafin da ake aiko mana kuwa, wanda ya rubuta shi bai taɓa taka ƙasarmu ba, ko a mafarki. Ya san tsawon kogunan duniya, ya san duwatsun da ƙanƙara ta lulluɓe, yana faɗa wa yaron da bai san wata ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa daga sama ta kashe kaji. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙurin aikin banza ba. Na jefa littafin a akwati, na sa yara suka kwaɓa laka, muka gina ƙasarmu a daɓen aji, daga bayan bencin ƙarshe har bango.

Ga yadda muke yi. Farkon shekara kowane ɗalibi zai ɗebo ƙasar ƙofar gidansu a gwangwani, ya zuba ta a daidai inda gidan yake a kan taswirar. Sai ka ga farin yashin jigawa nan, baƙar lakar fadama can, jar ƙasar mutanen wajen Wurma a gefe, ba sai na yi dogon surutu kan dalilin da ya sa wasu ke noma gero wasu dawa ba. Ƙorama da tsinke muka tona ta. In na zuba ruwa da buta daga tudu, suna ganin inda yake bi, suna ganin yadda yake kwashe gonar da aka sare wa itatuwa. Burtali kuma, hanyar shanu, da farar toka muke ja. Ya fito daga arewa, wajen Jibiya da Maraɗi, ya ratsa mu ya gangara kudu ya wuce Dutsin-Ma, don su san ba mu kaɗai Allah ya ajiye a duniya ba. Abu na ƙarshe, wanda na fi taƙama da shi, shi ne kowa sai ya haddace hanyar gidan kowa, daga rijiyar makaranta, da alamunta na itace da dutse. Ranar Alhamis ake biyawa baki ɗaya kamar karatun allo. Wanda ya karkace ya sha tsumagiya, ba zan ɓoye ba, ina da saurin hannu a lokacin.

Rabin abin da nake koyarwa daga bakin Baffa Juli na ɗauke shi. Tsohon makiyayi ne, aminin mahaifina. Tun ina yawo ba wando shanunsa ke kwana a gonarmu da rani, su bar mana taki, mu ba shi dammunan gero, matansa su riƙa shigo da nono har tsakar gida. Da na dawo daga makarantar horon malamai ina hura hanci, shi ne ya sa mini suna malamin da ya san Masar bai san bayan gidansu ba. Kowace shekara nakan kawo shi aji. Ba ya hawa kujera, sai ya durƙusa a gaban taswirar ya riƙa nuni da sandarsa: nan ciyawar harkiya ke fita, nan ta gamba, nan in ka tona kamu uku da rani za ka tarar da ruwa. Shi ya gaya wa yara dalilin da ya sa ba a sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya fitar da shi da rani ya ciyar da dabba. Ni sai in tsaya a gefe ina gyaɗa kai kamar da ma na sani.

Da ɓarayin daji suka fara, ba mu suka fara taɓawa ba, su Baffa ne. Suka kore masa fiye da rabin garke, suka harbe babban ɗansa da ya bi sawu. Daga baya suka aiko masa ya ba su samari biyu su shiga cikinsu, a bar masa sauran shanun. Ya ƙi. Sai ya kwashe iyalinsa ya shige bayan duwatsun da ke yamma da gari, inda hanyoyi suka yi yawa, wanda bai sani ba sai ya wuni yana zagaye dutse ɗaya. Mutanen daji na nemansa, mutanen gari kuma sun fara cewa ai shi da ɓarayin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ɓuyan nan shi kaɗai ya rage masa.

Jikarsa Shatu, 'yar wanda aka harbe, tana ajina a shekarar. Takan biyo masu tallar nono da safe, su koma tare. Ranar kawo ƙasa kowa ya zo da gwangwaninsa ban da ita. Na daka mata tsawa, ta sunkuyar da kai ta ce Baffa ya hana. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai. A ganina taswirata ce za ta zauna da giɓi, kuma yarinya ɗaya za ta zama marar gida a cikin aji, alhali ita ce ta fi kowa sanin ƙasar. Ranar kasuwa na tare Baffa a gindin tsamiya, na yi ta zuba masa magana irin ta malaman boko: ai yara ne, ai zumunci nake ginawa, ai in suka san ƙofar gidan juna ba za su tashi suna ƙin juna ba.

Ya ce, "Iro, ubanka bai taɓa cin amanata ba. Hanyar ga ita ce numfashin mutum goma sha tara. In na ba ka, ka san abin da ka riƙe."

Na ce, "Haba Baffa, daga bakina sai kunnen yara."

Ban ji nauyin abin da na faɗa ba sam. Nan ya faɗa mini hanyar, alama bayan alama. Washegari Shatu ta zo da baƙar ƙasa mai sanyi irin ta bakin marmaro, ta zuba a bayan tsakuwoyin da muka jera a matsayin duwatsu. Alhamis uku muka yi muna biya hanyar, har ta zauna a kan kowa.

Daminar ta fara lafiya. Muka yi shuka, gero ya tsira, muka yi noman farko, sai sama ta bushe. Kwana ashirin da wani abu rana na fitowa fara fat, hadari ya taso da la'asar ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da ƙura a ido. Geron jigawa ya kwanta. Rumbuna da ma sun yi ƙasa, don bara ba a nome gonakin nesa ba saboda tsoro. A gidana maiɗakina Hajara ta koma ɗora tukunya sau ɗaya. Da safe kunu tsararo, da rana a daure, da yamma ta dafa ganyen tafasa ko rama ta barbaɗa ɗan ƙuli, a ci a sha ruwa a gode wa Allah. Har yau ina jin warin tafasa a maƙogwarona. Yara na zuwa aji leɓe a bushe, kafin tara ta yi rabinsu sun kifa kai a benci, ni ma ƙarfin ɗaga tsumagiyar ya ƙare mini. Sau biyu muka fita roƙon ruwa da riguna a juye, tsofaffi na kuka a fili ba kunya. Matan rugar Baffa ma sun daina shigowa, nono ya ƙafe, kuma kallon da ake yi musu a bakin kasuwa ya canza. Shatu ta daina zuwa makaranta.

Da ruwan ya dawo, sai ya dawo da fushi. Kwana uku yana zuba, katangu na faɗuwa, ƙorama ta cika ta tumbatsa. Abin da ya rayu na shuka ya miƙe, ciyawa ta miƙe ta fi shi. Ba mai iya zuwa gonar nesa shi kaɗai, sai aka koma gayya: yau a taru a gonar wannan, gobe ta wancan, a sa mutum ɗaya a kan itace yana duba daji. Yanzu yaran birni in ka ce gayya sai su zaci biki ne. Mu a shekarar ba kiɗa, ba fura mai kauri, sai ruwan kanwa da ɗan gari a ƙwarya, da mutum talatin a jere kowa na jin ƙugin cikin na kusa da shi.

Ranar wata Asabar aka kira gayyar Malam Isiyaku, maƙwabcina, uban Hinde, yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajina. Na ɗauki fartanyata na bi su. Hantsi ya ɗaga, mun ci rabin gonar, sai muka ji ƙarar babura daga cikin sabara. Wanda ke kan itace bai ko gama ihu ba suka harbo shi, ya faɗo ta ka. Daga nan ban san tsarin abin da ya faru ba. Na san na kwanta a tsakanin kunyoyin gero na cusa fuska a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina jin harsashi na yanke karan gero a samana. Na san na ga Isiyaku ya miƙe da fartanya a hannu yana cewa su ɗauki shanun huɗar su bar mutane, wani yaro da bai kai ɗan cikinsa ba ya harbe shi a ƙirji, ya matso ya ƙara masa a wuya. Wani dattijo ya nufi ƙorama da gudu, suka bi shi da babur suka sare shi da adda a gadon baya. Ba su fi minti goma ba. Suka kora shanun huɗa huɗu suka yi yamma. Da muka tashi muka ƙirga, mutum bakwai ba su tashi ba, jini ya bi kunyoyin ya haɗu da ruwan da ya kwanta.

A amalanke muka kwaso su. Bayan azahar aka yi musu sutura, ƙasar maƙabarta ta jiƙe har kaburburan na tara ruwa ana kwalfewa da ƙwarya. Tun a wurin magana ta fara yawo: yamma suka yi, yamma kuwa duwatsu ne, a duwatsu kuwa wa ke zaune? Ba wanda ya tsaya ya ce hanyar babban daji ma ta yamma take. Ni na sani, na kuma yi shiru, don na ga idanun samari, na ji tsoro. Ranar Lahadi ya kamata in tafi wurin Baffa in ce ya tashi. Na ce wa kaina zafin rai ne, zai huce. Wannan ranar ita ce ba na yafe wa kaina.

Litinin da safe yara tara kaɗai suka zo. Hinde na cikinsu, ta gudo daga gidan makoki, ta zauna a wurinta. Ban ma fara darasi ba na hango su ta taga, sun fi arba'in, da bindigogin toka da adduna da gora, layu a damatsa. A gabansu Lawai ne, ƙanen Isiyaku, wanda ni na koya masa rubuta sunansa a wannan ajin. Tun kafin su iso na gane abin da ya kawo su, don duk gidan da ke da ɗan aji biyar an san akwai taswira. Na tsallake benci na hau kanta da takalmi. Na tattake duwatsun, na shure burtalin, na ɗauki bokitin ruwa na sheƙa a kai, aikin shekara ashirin ya koma caɓi. Yara suka manne a bango suna kallona kamar na zautu.

Lawai ya tsaya a ƙofa ya dubi caɓin, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Malam, ka gwada mamu hanyar rugar tsohon ga."

Na ce ban sani ba. Na ce Baffa ba ɓarawo ba ne, shi ma ɗansa aka kashe. Na rantse masa da Allah, na tuna masa nonon da ya sha na gidan. Wani daga baya ya ce ai da ma malamin nasu ne, wani ya zagi uwata. Lawai ya ɗaga gindin bindiga ya buga mini a baki, haƙora biyu suka fita, na zauna a cikin lakar. Duk da haka wani sanyi na ji a raina, don na ɗauka na gama da hanyar, in sun ga dama su kashe ni.

Sai na ji murya daga bencin gaba. Hinde ce ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji yadda na koya musu, ta kafa ido a allo, ta fara da irin karin da muke yi ranar Alhamis.

"Daga rijiyar makaranta a bi burtali yamma. A bar itatuwan marke biyu a hannun dama. A tsallake ƙorama inda kanya ta karkace. A nufi dutse mai farin kai, kada a hau, a zagaya ta hagu. A shiga tsagin da sa ɗaya ke wucewa. In an fita sai marmaro, gidan su Shatu ke nan."

Ko harafi ba ta ɓata ba. Da ta gama ta juyo ta dube ni, yadda takan yi in tana jiran in ce madalla, sai a sannan ta fashe da kuka. Shekararta goma sha ɗaya, kwana biyu da binne ubanta. Ban taɓa jin haushinta ba, ko na daƙiƙa. Lawai ya sa ta maimaita sau ɗaya, suka juya.

Na tashi na bi su ina tuntuɓe, jini na zuba a rigata. A bakin burtali biyu daga cikinsu suka kama ni suka ɗaure a jikin marke da rawanin wani, suka ce in na kwance rantsuwa sun yi sai sun haɗa da gidana. A nan na wuni, ƙudaje na bin bakina. Wajen azahar na fara jin harbi can ƙasa-ƙasa, jefi-jefi, ya ɗauki lokaci. Daga baya hayaƙi ya tashi a bayan duwatsu, fari da farko irin na jiƙaƙƙiyar ciyawa, sannan ya yi baƙi. Da la'asar suka dawo ta gabana da shanu kamar goma sha biyar, ba ko ɗaya a ciki da ya taɓa jan garma. Ba wanda ya kalle ni. Hajara ce ta zo da wuƙar girki ta yanke rawanin.

Washegari da sassafe na je wurin liman na ce mutanen can musulmi ne, ba za a bar wa ungulu su ba. Dattawa biyu suka yarda suka bi ni da fartanya da ƙyallen da muka samu. Ni na shige gaba, kuma abin kunya, a zuciyata biya hanyar nake yi, don ban taɓa taka ta da ƙafa ba. Komai na nan yadda Baffa ya faɗa, har karkacewar kanyar.

Bukkoki shida ne, duk sun zama toka, ruwan daren ya jiƙa ta tana wari. Ƙoren nono a farfashe, wani maraƙi da aka sare wa agara yana ja da ƙirji. Mun tarar da gawa goma sha ɗaya, huɗu mata, biyu ƙananan da ba su isa kiwo ba. Baffa na bakin tsagin dutsen, da alama fitowa ya yi ya tare su da magana. Sandarsa kaɗai ke hannunsa. Sun sare shi a kai da kafaɗa, sai da na haɗa da rawanina kafin fuskar ta rufu. Muka haƙa rami biyu a bakin marmaro, inda ƙasa ke da taushi, muka yi musu salla mu uku.

Muna mayar da ƙasa sai ga waɗanda suka tsira suna saukowa daga kan dutse, mata uku da yara, sun kwana a cikin kogo. Shatu na cikinsu, da goyon ƙanenta a baya, ƙafafunta duk ƙaya. Matan ba su matso ba. Ita ce ta tako har inda nake, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ɗalibi ke gaida malami, wannan gaisuwar ta fi dukan Lawai ciwo. Ta dubi kaburburan, ta dubi bakina da ya kumbura.

Ta ce, "Malam, Baffa ya ce ba mai iya shigowa nan sai an gwada mashi. Wa ya gwada masu?"

Dattawan nan biyu sun san abin da ya faru a aji, duk gari ya sani. Ɗaya ya buɗe baki, na riga shi. Ba don in rufa wa Hinde asiri kaɗai ba, don na duba na ga amsar gaskiya guda ce.

Na ce, "Ni ne, Shatu."

Ta dube ni, ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta gyara goyonta, ta ce, "To, Malam." Ta koma wurin matan, suka kama hanyar arewa da abin da ke jikinsu. Na tsaya da fartanya a hannu har suka shige cikin duwatsu, ban tambaye ta ina za su ba, ita ma ba ta faɗa mini ba.